Watandar Keziya

Keziya Elias maƙwabciyata ce a Unguwar Gabas, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu. A layinmu Maman Martins ake ce mata. Mahaifinta mutumin kudancin Kaduna ne, aikin reluwe ya kawo shi Zariya, kuma a nan Sabon Gari aka haife ta. Nan ta yi firamare, nan ta koyi bugun tafireta wajen wani Bayarabe mai shago kusa da tasha. Hausarta ta Zazzau ce tsantsa, tana kuma jin Ibo da Yarbanci daidai na ciniki da na faɗa.

Ta yi sama da shekara ashirin tana aikin tafireta a jami'a, a Samaru. Bayan an tashi aiki ɗalibai sukan kawo mata rubutunsu na ƙarshen karatu ta buga musu. Masu wannan sana'a suna da yawa a Samaru a lokacin, wasu ma sun fi ta sauri, amma ita aka fi yi wa layi, saboda in ta ce ka zo Juma'a, to Juma'a aikinka yana nan a ɗaure. In ta ga ba za ta iya ba, tun a tsaye take faɗa maka ka nemi wani. Ba ta tara dukiya ba. Abin da ta tara shi ne, daga Samaru har kasuwar Sabon Gari, in aka ce Keziya ce ta faɗa, ba a ƙara tambaya.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi aka fara kwashe tafiretoci ana jibgewa a sito, sai ta ajiye aiki a shekarar 2002. Ba mai son zama ba ce. Ta taɓa sayar da atamfa, ta taɓa kiwon kaji, ba wanda ya kama ta sosai.

Shekarar da ta biyo baya wani saurayi mai suna Kayode ya zo daga Legas, da nakatai a wuya da akwati cike da hotuna. Kamfaninsu ya kama zauren wani otal a Sabon Gari, aka gayyaci 'yan kasuwa da malamai, aka raba lemo kyauta. Ni ma na je. Kamfanin ya gina ɗakunan hutu a kan duwatsu a ƙasar Filato, can gaba da Jos. Ba ɗakin suke sayarwa gaba ɗaya ba. Sun yanka shekara mako-mako, kowane mako su sayar wa mutum guda. In ka saya, duk shekara wannan makon kai za ka kwana a ɗakin, in ya ƙare ka fita mai bi maka ya shiga.

Kayode ya yi ta bayani da Turanci, mutane suna gyaɗa kai suna shan lemo. Kusa da Keziya akwai Ogbonna, Baban Tochi, wanda gidansa ke ƙarshen layinmu. Kayan gini yake sayarwa a kasuwa: ƙusa, sakata, kwaɗo, fenti. Tun yana yaro yake Zariya, Hausa ta fi masa Turanci sauƙi. Ya taɓa Keziya da gwiwar hannu.

"Maman Martins, yaron nan me yake sayarwa ne? Ɗaki ko kalanda?"

Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Watanda ce, Baban Tochi. Kamar yadda muke haɗa kuɗi da Kirsimeti mu sayi sa. Ba ka iya sayen sa kai kaɗai, amma kashinka naka ne."

"To! Shi ne ya tsaya yana ta karya mana harshe?"

Na kusa da su suka ji, magana ta zaga zaure, nan take fuskoki suka saki. Kowa ya san watanda, Kirista da Musulmi. Kayode bai ji Hausa ba, amma ya ga abin da kalma ɗaya ta yi wanda hotunansa ba su yi ba. Kafin a watse ya nemi Keziya ta zama wakiliyarsu a Zariya.

Ba ta karɓa ba sai da ta hau mota ta je ta gani da idonta. Ina so a riƙe wannan, domin daga baya wasu sun yi ta cewa damfara ce. Ba damfara ba ce. Ɗakunan suna nan, da ruwan zafi, da ciyawa shimfiɗe, da sanyi mai daɗi. Ta dawo tana yabo da zuciya ɗaya, ta fara bi shago-shago. Ba ta sayar wa mutane da yawa ba, amma duk wanda ya saya, saboda ita ya saya. Ogbonna ne na farko. Makon Kirsimeti ya fi tsada, shi kuwa da Kirsimeti ƙauyensu yake tafiya kamar kowane Inyamuri na Sabon Gari, don haka ya ɗauki mako a tsakiyar damina.

Damina ta zo ya kwashi matarsa suka tafi. Ya ji daɗin wurin ƙwarai. Ranar dawowa ya dubi bargon da suka saya saboda sanyi, da risho, da tukwane, da ragowar garin rogo, ya ga ba dalilin da zai sa ya yi ta jigilarsu duk shekara. Ya jera su a lungun ɗaki, ya fito da kwaɗo mafi girma da yake da shi a shago, wanda dama don haka ya tafi da shi, ya sa aka buga masa sakata a ƙofa, ya datse. Ya dawo Zariya yana kaɗa mabuɗi a kasuwa, yana cewa yanzu yana da ɗaki a Filato.

Mai makon da ke bin nasa ya iso da iyalinsa ya tarar da ƙofa a kulle. Ma'aikatan wurin suka fasa kwaɗon, suka kai kayan Ogbonna sito. Sai ga saƙo ya zo masa: ya biya gyaran ƙofa, kuma a tuna masa da kuɗin kula da ɗaki da ake biya duk shekara.

Ina shara a ƙofar gida ran Asabar da safe ya zo ya tsaya a bakin gidan Keziya. Bai yi sallama ba.

"Maman Martins! Fito ki gaya mini. Kin ce watanda ce ko ba ki ce ba?"

"Na ce, Baban Tochi. Shigo ka zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. In an raba nama, kashina ba gida nake kaiwa ba? Akwai mai zuwa ya buɗe mini tukunya?"

"Babu."

"To wace irin watanda ce wannan, an raba nama an gama, amma duk shekara a aiko wai in kawo kuɗin dusa? San bai mutu ba ke nan? Ni nake sayar da kwaɗo a garin nan, na san abin da ake kira nawa. Ɗakin da ba ka iya sa wa kwaɗo ba naka ba ne."

Ya kai ƙara ƙungiyar masu gidaje ta layinmu, inda muke sasanta rigimar kwata da ta katanga. Ni ne magatakarda. Aka kira Kayode ya zo da takardar da Ogbonna ya sa wa hannu, ya karanta a tsanake. Komai yana ciki: mako guda ne, ba a barin kaya, ba a taɓa ƙofa, ana biyan kuɗin kula duk shekara kuma yana iya ƙaruwa. Dattawa suka dubi juna. Shugabanmu ya ce magana ta ƙare, wanda ya sa hannu ya sa, Maman Martins ba ta da laifi.

Sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta.

"Iyayena, ku yi haƙuri, ba ta ƙare ba. Takardar nan da Turanci take. Baban Tochi kuwa da Hausa ya saya, kuma a bakina ya saya. Abin da na faɗa masa ba shi ne abin da ke nan ba. Na ga kalmar ta yi daɗi, mutane sun gane, ban tsaya na duba inda ta gaza ba."

Kayode ya matso yana yi mata raɗa, ta ɗaga masa hannu.

"Ba ni da abin da zan mayar masa. Amma zan nemo wanda zai sayi makonsa. Kafin nan ba zan sayar wa kowa sabo ba."

Ogbonna ya yi tsaki. "Bakin da ya jefa ni rami shi zai fito da ni? Mu gani." Daga ranar ya daina gaishe ta.

Mijinta Elias, direba ne mai son barkwanci, ya ce mata a gabana, "Ke dai kin iya. Dattawa sun wanke ki tas, kin koma kin kwanta a kwata." Ta ce masa ya bar ta, ita ta san inda ke mata ƙaiƙayi.

Abin da ta fara yi shi ne ta koma wajen duk waɗanda ta sayar wa, tana yi musu tambaya ɗaya: me ka ji na ce ka saya? Amsoshin suka tayar mata da hankali. Adewale tela ya ɗauka zai iya zuba ɗan haya ya riƙa karɓar kuɗi. Wata mai sayar da kifi ta ɗauka abu ne kamar fili, yana nan yana tsada har 'ya'yanta su gada su sayar da riba. Malam Cornelius, da ke koyarwa a Samaru, shi kaɗai ya gane abin daidai, ya zaɓi mako a cikin dogon hutu. Amma yajin aiki ya birkita kalandar makaranta, makonsa ya riƙa faɗowa ana tsakiyar jarrabawa, bai taɓa leƙa wurin ba. Ta zauna da kowannensu ta warware masa abin da ya mallaka da abin da bai mallaka ba. Wasu sun yi fushi, wasu sun yi dariya. Ta haɗa Malam Cornelius da Adewale suka yi musayar makonninsu, wannan kam ya yi daidai. Daga nan ta mayar wa Kayode hotunansa ta bar aikin.

Saura makon Ogbonna. Ta tambayi kamfani ko za su karɓa su mayar da ko rabin kuɗi, suka ce su sayarwa suke yi, ba sa saye. A nan ta gane abin da ba ta sani ba tana wakiliya: shiga da sauƙi, fita ce aiki. Wa zai sayi na hannu alhali kamfani yana can yana raba lemo yana sayar da sabo?

Ga kuma yadda ta ɗauki tallan. Kafin ta nuna hoto sai ta fara jera aibi, kamar mai sayar da akuya da ya fara nuna maka ƙafar da take ɗingishi. Na taɓa raka ta wajen wani mai sayar da kayan mota, Abiodun, wanda ya nuna sha'awa sosai.

"Oga Abiodun, kana iya rufe shago mako guda cur?"

"Allah ya kiyaye! Ko ranar da aka haifi ɗana rabin yini na rufe."

"In ka samu hutu ina kake zuwa?"

"Gida mana, Ogbomosho. Tsohuwa tana nan."

"To wannan ba naka ba ne. Riƙe kuɗinka."

Ya bi ta da kallo baki buɗe. "Mama, sayarwa kika zo yi ko hanawa?"

Labari ya bazu a kasuwa, aka sa mata suna dillaliya mai korar ciniki. Mata a coci suna tambayarta ko an samu wanda ya tsallake jarrabawa. Ogbonna kuwa dole ya ci gaba da biyan kuɗin kula, don in ya daina makon ya tafi a banza. Duk shekara in ya biya sai ya bi ta ƙofar gidanta, ya ɗaga murya kamar da iska yake magana: "An kai kuɗin dusa! Sa yana gaishe ku!" Yaran layi har sun haddace. Keziya tana ciki tana ji, ba ta taɓa fitowa ta rama ba. Na san abin yana cinta, domin a shekarun nan ta daina zama a benci da yamma, inda dā mata ke kawo mata shawara.

Ni kaina na ba ta shawara ta sassauta. Na ce ba ƙarya za ta yi ba, ta dai bar mai saye ya karanta takarda da kansa. Ta ce, "Malam, ai haka aka yi wancan karon."

Sai a shekarar 2007 aka dace. Akwai wata nas, Sista Mojisola, da ke zaune a Samaru. A Zariya aka haife ta, iyayenta a nan aka binne su, ba ta da wani ƙauye da take zuwa. Hutunta na shekara a damina yake faɗowa kullum. Ita ta nemi Keziya da kanta, suka zauna a tsakar gida, Keziya ta fara karatun da ta saba.

"Ƙanwata, ki ji da kyau. Ba fili ba ne, ba ya tsada. Ranar da kika tashi sayarwa za ki sha wahalar da nake sha."

"Na ji, Anti."

"Duk shekara za ki biya kuɗin kula, ko kin je ko ba ki je ba, kuma hawa yake yi. In kika tara shi, zai kama miki otal mai kyau a duk garin da kike so."

"Anti, otal ai sai na ga dama. Na san kaina, ba zan je ba. Kin san yadda hutuna yake? Ranar farko za a buga ƙofa, yaro yana zazzaɓi. Rana ta biyu mai ciki. Ta uku wani ya kawo takardar magani in karanta masa. Ba na iya cewa a'a, tare muka tashi. Ina son wurin da na riga na biya, ƙyashin kuɗina ya kore ni daga garin nan, in je inda ba wanda ya san ni nas ce."

"Da sanyi fa, ga ruwa kullum."

"In ja bargo in yi barci. Akwai sauran aibi?"

Keziya ta laluba, ta ce, "Ba a sa kwaɗo."

Sista ta kwashe da dariya, don labarin ya kai Samaru tuni.

Kuɗin da ta taya bai kai rabin abin da Ogbonna ya biya ba. Keziya ba ta ɓoye masa ba, ta ce iyakar abin da kasuwa ta bayar ke nan, in ya ƙi za ta ci gaba da nema. Ya yi ƙunƙuni, ya lissafa dusar shekaru masu zuwa, ya yarda. Aka yi cinikin a gaban ƙungiya. Kafin a sa hannu Keziya ta sa Sista ta miƙe ta faɗi da bakinta, da Hausa, abin da ta saya da abin da ba ta saya ba. Ogbonna ya karɓi kuɗinsa ya fita, ko na gode bai ce ba.

Mutane kan tambaye ni, da yake na ga abin tun farkonsa, ko irin wannan ɗakin ya cancanci kuɗinsa. Amsata ita ce, ga yawancinmu bai cancanta ba. Mu mutane ne masu garin zuwa. Hutunmu biki ne, da jana'iza, da gaida tsofaffi, kuma ba mu san makon da za su faɗo ba. Wanda yake neman inda zai ajiye kuɗi ya sayi fili ko ya ƙara jari. Amma Sista Mojisola tana tafiya duk damina, tana dawowa da kumatu, ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba. A duk Samaru da Sabon Gari mutum ɗaya aka samu da abin ya dace da ita, kuma sai da aka yi shekaru ana korar waɗanda bai dace da su ba kafin a kai gare ta.

Bayan cinikin Ogbonna ya daina kirarin dusa, amma gaisuwa ba ta dawo ba. Muka ɗauka haka za a ƙare.

Farkon damina ta 2008, wata Asabar, sai ga motarsa ta ɗaukar kaya ta tsaya a layi. Ya fito ya yi sallama a gidan Elias, ya aiko a kira ni. Da muka taru bai dubi Keziya ba, mijinta ya fuskanta.

"Baban Martins, aron matarka na zo."

"Aro? Ka san ba a barin kaya a ɗaki, ba a taɓa ƙofa."

"Kai dai ba ka girma. Fili zan saya a Palladan, na Tochi. Dillalin bakinsa ya cika zaƙi. Ina so ta je ta ji."

Keziya ta ce, "Ni me na sani a harkar fili, Baban Tochi?"

"Ban ce kin sani ba. Ki ɗauko mayafinki."

Muka tafi mu huɗu. Filin yana da kyau a ido, shimfiɗe, kusa da hanya. Dillali ya fara zuba: nan za a kawo kwalta, can za a yi makaranta, wasu mutum biyu suna jira da kuɗi a hannu. Ogbonna ya katse shi.

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ga ta nan. In ta ce in biya, in biya."

Keziya ba ta yi wa dillalin musu ba. Ta zaga filin a hankali, ta tsaya wajen wata irin ciyawa mai kauri da ta fito a gefe ɗaya, ta leƙa katangar maƙwabta inda gansakuka ta hau har gwiwa. Ta tambayi wata mata da ke shanya ko ina ruwa yake bi in an yi mai yawa. Matar ta dubi dillali, ta ce ita baƙuwa ce.

Keziya ta dawo ta ce, "Ban ce filin yana da aibi ba, ban sani ba. Amma kada ka biya yau. Bari a yi ruwa mai ƙarfi, washegari mu dawo mu gani."

Dillali ya fusata. "Kafin nan an saye! Oga, wannan matar lauyarka ce?"

"Maƙwabciyata ce," in ji Ogbonna.

Ya mayar da ƙunshin kuɗinsa cikin aljihun ciki, ya buɗe mata ƙofar gaba ta zauna, ni da Elias muka hau baya tare da buhunan siminti.